Autanmu Ya Sauke Karatun Goge

Masu iya magana sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. To, a cikin wannan labari ni ne uwar ɗiya. Shekara biyu cur ina riƙe da wata magana wadda na ɓoye wa mahaifina, ni da na ke cin abinci da tono abin da mutane su ke ɓoyewa, har ranar da katin gayyata ya zo hannuna, aka ce ana bukatar iyaye su halarci bikin yaye ɗalibai. Sa'an nan ne na tabbata ramin ƙarya ƙurarre ne.

Bari in faro wa mai karatu daga tushe. Mu mutanen Agege ne ta Jihar Ikko. Kakanmu ya sauko daga ƙasar Kano ne a kan fataucin goro, kamar yadda Hausawa da yawa suka riƙa yi tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912. Baba ya gaji sana'ar, har gobe kuwa in ka je rumfarsa za ka tarar da shi a tsakanin huhunan goro yana yayyafa ruwa. Mu shida ne a wurinsa. Ni ne babba a cikin maza, wanda zan ba da labarinsa kuwa shi ne na ƙarshe, Auta kowa ya ke kiransa.

Kada wani ya zaci Baba maƙiyin kiɗa ne. Ina! Rediyonsa ba ta rabuwa da shi, kuma yana da kasa-kasan Alhaji Mamman Shata cike da wani tsohon kwali. Yakan ba da labarin yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 da irin alfaharin da mutum kan yi da ɗan'uwansa na jini. Ranar da Shata ya rasu a 1999, ina yaro, na ga an mayar da tuwon Baba ɗaki ko taɓawa bai yi ba. Amma fa wannan mutumin shi ne ya ke cewa kiɗa a kunne ya ke da daɗi, ba a cikin gida ba. A wurinsa makaɗi maroƙi ne, komai sunan da ya yi, mutum ne wanda cinsa da shansa su ke cikin aljihun wani, kuma ba a ba shi 'ya. A cikin kayan kiɗa kuwa babu wanda ya fi goge baƙin jini a idonsa, domin shi a saninsa goge na 'yan bori ne da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Ba shi kaɗai ba ne a kan wannan ra'ayi, duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya san haka. Maganar hukuncin kiɗa kuwa hurumin malamai ne, ba zan tsoma baki ba. Abin da na sani shi ne, ƙin da Baba ya ke yi ya fi ƙarfi ta wajen mutunci.

Sai ga shi Allah ya jarrabe shi ta inda bai zata ba. Tun Auta yana sakandare wani malaminsu ya ba shi aron wani tsohon goge irin na Turawa, wanda su ke kira bayolin. Yaro ya riƙa laɓewa gidan wani abokinsa yana koyo, mu kuwa muna tsammani darasin yamma ya ke zuwa. A 2022, wata rana da dare, sai ga shi a ɗakina da wata takarda a hannu, ya durƙusa ya ce, "Yaya, na sami makaranta, amma sai ka rufa mini asiri."

Makarantar ta Ƙungiyar Kiɗa ta Nijeriya ce, wadda aka fi sani da MUSON, tana unguwar Onikan a tsibirin Ikko, kusa da Gidan Tarihi na Ƙasa da Dandalin Tafawa Ɓalewa. An kafa ƙungiyar a 1983, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da marigayi Akintola Williams, mashahurin akantan nan da ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Karatun difiloma ne na shekara biyu, gidauniyar kamfanin MTN kuwa ta fara ɗaukar nauyin ɗalibansa tun 2006. Watau dai Auta ba ya bukatar ko kwabo daga hannun Baba, wannan kuma shi ya buɗe mana ƙofar ɓoyo.

Kashegari na je na ce wa Baba Auta ya sami kwaleji a Onikan, kyauta. Ya yi hamdala, sa'an nan ya ce, "Karatun me?" Na ce, "Fannin fasaha ne, Baba." Jama'a, ku dubi irin wayon ɗan jarida! Kalmar fasaha tana ɗaukar mai waƙa, tana kuma ɗaukar mai haɗa wayar lantarki. Na zaɓe ta ne da gangan don in ce ban yi ƙarya ba. Baba kuwa ya ɗauki ma'ana ta biyu, ya shiga gaya wa abokansa na kasuwa cewa autansa zai zama injiniya. Sau da yawa an faɗi haka a gabana, na sunkuyar da kai na yi shiru.

A gaskiya ni kaina a lokacin ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Na zaci zafin ƙuruciya ne, zai huce. Sai da ya shiga shekara ta biyu ya kawo mini tikiti, ya ce an sa shi cikin babban taron makaɗa, abin da su ke kira okestira, yana so in je in gani. Na tafi ne don kada ya ji na raina shi.

Abin da na fara lura da shi da na shiga zauren shi ne tsari. Kujerun makaɗa an jera su kamar rabin faifai, a gaban kowane mutum biyu akwai wani ɗan maɗori da takarda a kai. Na ƙirga mutum sama da arba'in, maza da mata, duk cikin baƙaƙen tufafi. A gaba masu kayan tsirkiya ne: 'yan bayolin kashi biyu, da masu wani wanda ya ɗan fi shi girma, da masu celo wanda a ke kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, da wani ƙato wanda ya kai tsawon mai kaɗa shi. A bayansu masu busa, na itace da na tagulla, can ƙurya kuma mai tambura. Auta yana cikin kashi na biyu na 'yan bayolin, a layin baya, sai da na miƙa wuya kana na hango shi.

Kafin a soma, sai wani ya tashi daga kujerar farko ta 'yan bayolin, ya juya ya dubi wani mai busa. Shi kuwa ya busa murya guda ɗaya tak, ya ja ta. Nan da nan kowa ya shiga murɗa tsirkiyarsa yana daidaita ta da wannan murya. Abin busar nan sunansa obo, da na ji shi kuwa sai da tsikar jikina ta tashi, domin ɗan'uwan algaita ne, dukansu da ɗan beli mai harshe biyu a ke busa su, sai dai shi muryarsa ta fi laushi. Bayan haka madugunsu ya fito riƙe da 'yar siririyar sanda. Wani abin dariya, Turawa da sunan kwandastan mota su ke kiransa, ko da ya ke shi ba ya karɓar kuɗin kowa. Ya ba mu baya, ya ɗaga hannu, zaure ya yi tsit har kana jin numfashin na kusa da kai.

Kiɗan da suka yi a daren nan na Beethoven ne, mutumin Jamus, simfoninsa ta biyar, wadda aka fara ji a birnin Biyana a 1808. Da bugu huɗu ta ke farawa, uku gajeru ɗaya dogo, kamar mai bin bashi yana ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a kan waɗannan huɗun aka gina kusan dukan kashin farko. Kashi huɗu ne, wajen rabin sa'a. Da aka kai ƙarshen kashin farko na saki tafi da iyakar ƙarfina, sai na ji mu uku ne ko huɗu kaɗai a zauren mu ke yi. Wata dattijuwa da ke gefena ta dube ni ta saman tabarau ta yi murmushi. Ashe al'adarsu ba a tafi sai an gama duka. Na nutse cikin kujera.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba Beethoven ba ne. Akwai masu wasu dogayen ƙahonin tagulla a layin baya, waɗanda suka zauna hannu a cinya tun daga farko har aka cinye kashi uku, ba su busa komai ba, sai a na ƙarshe suka ɗauka gaba ɗaya, zaure ya cika. Duk tsawon lokacin nan jira su ke yi, kowa ya san ranarsa. Sa'an nan kuma har aka tashi ban ji an ambaci sunan kowa ba. Babu kirari, babu wanda ya taso ya yi liƙi, babu makaɗin da ya waiwayo yana neman idon mai kuɗi. Kowa takardarsa ya ke duba, da sandar madugu.

A kan hanyarmu ta komawa, muna bisa doguwar gadar nan ta uku, na ce wa Auta lalle makaɗan Turawa ba su san roƙo ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai su ma daga fada suka fito." Ya ba ni labarin Haydn, mutumin Ostiriya, wanda ya shiga hidimar gidan sarautar Esterhazi a 1761, ya yi kusan shekara talatin yana sa rigar barorin gidan, yana tsara kiɗan da ubangidansa ya ke so. Har ma a 1772, da basaraken ya daɗe da su a gidansa na ƙauye, makaɗa suka ƙosa su koma wurin iyalansu, ba mai iya faɗa masa, sai Haydn ya tsara wani kiɗa wanda a ƙarshensa makaɗan su ke kashe kyandir suna fita ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura masu goge biyu. Basarake ya gane, ya sallame su. Na ce, "Kai, wannan ai habaici ne!" Ina bambancinsa da zaman Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko irin yadda makaɗan fada su ke gaya wa sarki magana a cikin zani?

Na daɗe ina juya wannan magana. A ganina abu biyu ne suka fid da makaɗinsu daga zauren ubangida. Na ɗaya rubutu: sun sami hanyar rubuta kiɗa a takarda, har ya zama karatu wanda a ke koyarwa a aji, a yi jarrabawa, a ci ko a faɗi, kuma yaron Agege ya ɗauki abin da wani ya rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce ya kaɗa shi daidai. Na biyu tikiti: mutum ɗari uku kowa ya biya kaɗan a bakin ƙofa, saboda haka babu guda ɗaya da zai ce shi ne ya ciyar da kai. Mu kuwa ba kiɗan mu ke rainawa ba, hannun da ke miƙewa bayan kiɗan mu ke rainawa, alhali kuwa mu ne muka hana makaɗi wata hanyar cin abinci sai ita. Kada kuma a ce na zama Bature. Bayan rabin sa'a kunnena na Bahaushe ya fara neman baitin waƙa bai samu ba, kuma har yau in ina cikin mota kalangun Shata na ke sawa.

To, ana nan sai ga katin yaye ɗalibai a daminar 2024. Na kwana uku ina ɗauke da shi a aljihu. Daren na huɗu bayan sallar lisha na sami Baba a kan buzunsa, Inna tana gefe, na zauna a ƙasa na kwance masa magana tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya yi shiru har na zaci bai ji ba, can sai ya ce, "Goge?" Na ce, "Na Turawa ne, Baba." Ya ce, "Na Turawa." Ya sake yin shiru. Sa'an nan ya ce, "Shi yaro ne. Kai fa? Na tura ka ka yi difiloma a kan aikin jarida, na yanka rago ranar da ka gama, ashe abin da aka koya maka ke nan, ka faɗi magana mai fuska biyu ga ubanka?" Ban sami abin cewa ba, sai, "Ku yi haƙuri, Baba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Inna ce ta ba mu mamaki. Ta ce, "Alhaji, ni fa na sani tun tuni." Ashe ta daɗe da ganin kantar da ta fito a kan yatsun hagun Auta, da wani baƙin tabo a ƙarƙashin muƙamuƙinsa inda gogen ya ke zama, ta titsiye shi ya faɗa mata. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ce watau shi kaɗai ne baƙo a gidansa. Ya ce ba inda za shi.

Ranar biki da sassafe na zo ɗaukar Inna da 'yan mata, sai na tarar da shi a ƙofar gida cikin babbar rigarsa ta zuwa Idi. Bai amsa gaisuwata sosai ba. Ya ce, "Zan je in ga abin da aka ɓoye mini da idona." Daga Agege har Onikan bai ƙara cewa uffan ba.

Bikin kamar na kowace kwaleji ne, riguna masu faɗi da hulunan nan masu tunku, da jawabai waɗanda suka fi ƙarfin haƙurin mutum. Iyaye Yarabawa da Ibo sun cika wuri da gwaggwaro da murna, Baba kuwa ya zauna a miƙe kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Da aka zo kiran ɗalibai, aka kira sunan Auta haɗe da na Baba, kamar yadda ya ke a takarda, lasifika ta ɗauka ta watsa, jama'a suka yi tafi. Na saci kallonsa. Wannan ne karo na farko da aka ambaci sunansa a wurin kiɗa, ba kuwa don ya ba da ko anini ba. Bai yi tafi ba, amma na ga ya gyara zaman hularsa.

Da aka fito Auta ya zo ya durƙusa a gabansa da rigar bikin, ya miƙa masa takardar shaida. Baba ya karɓa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce wa Auta, "Buɗe akwatin." Ya buɗe. Baba bai taɓa gogen ba, bakan ya ɗauka, ya shafa gashin da babban yatsa, ya ce, "Izgar doki ce." Auta ya ce, "Ita ce, Baba." Ya ga wani ɗan dunƙule a gefen akwatin ya ce, "Wannan kuma ƙaro ne na shafawa." Auta ya ce haka ne. Baba ya mayar ya ce, "Tsirkiya huɗu ko ɗaya, goge dai goge ne." Inna kuwa tana ta share hawaye da gefen mayafi, 'yan mata suna ɗaukar hoto.

Na zaci magana ta ƙare a nan. Sai bayan wata uku, lokacin da ƙungiyar ta ke bikinta na shekara-shekara a watan Oktoba, Baba ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ranar nan shi kaɗai na gani da takarda. A bakin aikinsa na ke so in gan shi, in san ko bara ne ko ma'aikaci." Na sayi tikiti biyu. Muka isa da wuri, ya yi magariba a gefen inda a ke ajiye motoci, muka shiga. Na raɗa masa cewa ba a tafi sai an gama duka. Ya ce da ma wa ya ce mini zai yi?

Cikin abin da aka kaɗa a daren har da aikin wani ɗan ƙasarmu, Fela Sowande, wanda aka haifa a Abekuta a 1905, ya yi zaman London yana kaɗa ogan a coci, ya rasu a Amurka a 1987. A 1944 ya tsara wannan kiɗa mai kashi biyar don kayan tsirkiya, ya ɗauko karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya zuba su cikin tsarin Turawa. Baba ya ƙura wa madugu ido, can ya karkato ya ce, "Wancan mai sandar, shi ba ya kaɗa komai?" Na ce a'a. Ya ce, "Kuma shi ne babba?" Na ce shi ne. Ya ce, "To, ya fi su wayo." Da aka shiga kashin da ya ke na rarrashin jariri ne, sai na ji numfashinsa ya sauya, na duba na ga barci ya sace shi. Ban tashe shi ba. Kashin ƙarshe mai zafi ne, irin kiɗan rawar mutanen Ikko, shi ya farkar da shi, kuma na rantse na ga yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi. Da na faɗa wa Inna, ya ce sauro ne.

A mota ya yi tambayoyin da ni ma ba ni da amsarsu. Nawa a ke biyansa? Sau nawa a ke irin wannan taro a shekara? Wa zai ba shi mata a Agege? Gaskiyar magana ita ce kiɗan zaure shi kaɗai ba ya riƙe mutum a ƙasar nan. Auta yana koyar da yara a wasu makarantu biyu masu zaman kansu, da wannan ya ke rufa wa kansa asiri, kuɗi mai kauri kuwa yana wurin bukukuwan auren masu hali, inda a ke gayyatar 'yan bayolin su kaɗa wa amarya. Nan ne Baba ya kafa iyaka. Ya ce aji ya yarda, zaure ya yarda, amma duk ranar da ya ji an manna wa ɗansa kuɗi a goshi, to, ya nemi wani uban. Auta ya ce ya ji. Ya riga ya mayar da gayyata uku, kuma na san abin yana cinsa, domin yana tara kuɗin sayen goge nasa na kirki.

Gogen dai har yanzu a ɗakina ya ke kwana, bai taɓa shiga gidanmu na Agege ba. Ni ma ban gama biyan bashina ba. Da can in an yi wani abu a ƙasa Baba yakan kira ni ya ce, "Me kuka ji a ofis?" ya kuma ɗauki abin da na faɗa ya kai kasuwa. Yanzu in na gama ba shi labari sai ya dube ni ya ce, "Wannan gaskiya ce, ko fasaha?"

Makon jiya ya kira Auta rumfa. Ya kwance sabon huhu, ya zauna da kansa ya tsince farin goro manya-manya, ƙwarya guda, watau ɗari cif, ya naɗe a ganye ya ɗaure. Ya ce a kai wa malamin nan na sakandare wanda ya fara ba shi aron goge, a ce in ji mahaifin yaron. Auta ya ce, "Baba, ai ba ya cin goro." Baba ya ce, "Ban tambaye ka ba."